Mai Kaso, Mutumin da Ya Auna Nauyin Ɗansa

Na Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Da hantsin ranar Laraba, goma sha biyu ga watan Fabrairu, Allah Ya karɓi ran abokin aikina, mai lissafin wasannin ƙungiyarmu ta ƙwallon kwando, wanda kowa a harkar nan ya sani da Mai Kaso. Ya rasu a asibiti yana da shekara sittin da huɗu, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. An yi masa sallah bayan la'asar, aka kai shi makwancinsa. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku da jikoki. Ni ne kocin ƙungiyar, kuma tare da shi na yi mafi yawan shekarun aikina, shi ya sa aka ce in rubuta wani abu. Zan tsaya a kan abin da na gani da abin da na ji daga bakin waɗanda abin ya shafa, domin shi ma bai taɓa yarda a faɗi abin da ba a tabbatar ba.

Malam, ranar da na fara ganinka ba ranar daɗi ba ce. An lallasa mu a gida, 'yan kallo sun watse suna tsaki, ina zaune a benci ni kaɗai ina kallon masu share fili. Sai ka sauko daga kujerun sama, gajere, da tabarau, da burbushin alli a hannun riga. A lokacin kana koyar da lissafi a kwaleji. Ba ka ce mini sannu da ƙoƙari ba. Cewa ka yi, "Koci, cikin hare-haren da kuka kai yau, nawa ne suka ƙare a hannun mai lamba bakwai?" Na ce maka ya ci maki ashirin da shida, ya fi kowa. Ka ce, "Na ga makin. Ina tambaya ne nawa aka kashe kafin a same su."

Da wata rana ce da na sallame ka. Amma wanda aka cinye yana da kunnen saurare, don haka na matsa maka wuri ka zauna. A nan ka yi mini bayanin da na ji ka maimaita wa 'yan wasa da shugabanni da 'yan jarida har ƙarshen aikinka, ba ka taɓa ƙosawa ba. Hari, ka ce, yana ƙarewa ne ta ɗaya daga hanya uku: ko ɗan wasa ya yi jifa, ko a yi masa ƙeta alƙali ya ba shi jifan kyauta, ko ya ɓarar da ƙwallo abokan karawa su ɗauke. Idan aka duba hare-haren da ƙungiya ta kai lokacin da mutum yake cikin fili, aka ƙirga waɗanda suka ƙare a hannunsa, an san kasonsa. Mutum biyar ne a fili, da za a raba daidai kowa ashirin cikin ɗari zai samu. Babu ƙungiyar da ke rabawa daidai, kuma bai kamata ta raba daidai ba, domin hannu ya fi hannu. Abin dubawa shi ne wa yake ɗaukar nawa, kuma kowane harin da aka danƙa masa, maki nawa yake dawowa da shi. Mai lamba bakwai, a lissafinka na ranar, ya ci fiye da kashi ɗaya cikin uku na hare-harenmu, abin da ya dawo da shi kuma bai kai na sauran ba.

Kakar wasan da ta biyo baya ƙungiya ta ɗauke ka aiki, da farko na wucin gadi, daga baya ka ajiye koyarwa gaba ɗaya. Ofishin da aka ba ka tsohon ɗakin ajiya ne a ƙarƙashin kujerun 'yan kallo. Rufinsa a karkace yake, har dogayen 'yan wasa sai sun sunkuya kafin su shiga, kai kuwa kana miƙe abinka. Akwai tebur, da kwamfuta mai fuska biyu, da fanka mai ƙara, da warin robar tsofaffin ƙwallayen da ba a taɓa kwashewa ba. A nan kake kallon bidiyon wasa, ka tsayar, ka mayar baya, ka sake tsayarwa. Yaran ne suka sa maka suna, domin ba ka iya gaisuwa ta yi tsawo ba tare da kalmar kaso ta shigo ba. Ka amsa sunan ba musu. Ni ma ban tsira ba. Wata rana bayan taron da na yi ta faɗa, ka jira kowa ya fita, ka ce, "Koci, kasonka na magana a taron nan ya kai casa'in cikin ɗari. Ban dai ga makin da ya kawo ba tukuna."

Ba zan ce kai mutum ne mai sauƙin zama ba. Ba ka iya kwana-kwana ba, kuma ba ka san lokacin da ya kamata a jinkirta gaskiya zuwa gobe ba. Shugabanni da yawa sun so su rabu da kai. Amma akwai mutanen da suke cin abinci a harkar nan har yau saboda wannan halin naka.

Na tuna Bahago. Shekarar da 'yan kallo suka sa shi gaba, duk jifan da ya ɓata sai ihu, a rediyo ana kiransa mai son kai, shugaban ƙungiya kuma ya riga ya yanke cewa ba za a sabunta masa kwantiragi ba. Matarsa tana da tsohon ciki a lokacin. Ba wanda ya sa ka, ka zauna ka ware jifansa ɗaya bayan ɗaya, ka kira ni da shugaba cikin ɗakin nan naka ka nuna mana. Kasonsa ya yi yawa, gaskiya ne, amma mai yawa daga ciki ba shi ya nema ba. Idan hari ya cije, daƙiƙun da aka ba mu na yin jifa sun kusa ƙarewa, abokansa sai su wurga masa ƙwallo don kada laifin ya hau kansu, shi kuma ya jefa daga inda yake, da mutum biyu a gabansa. Da ka cire waɗannan, sai ga shi cikin mafi kyawun hannu a gasar. Ka ce wa shugaba, "Wannan ba mai son kai ba ne, bolar ƙungiya ce. Duk abin da ya lalace a kansa ake zubarwa." Aka bar Bahago. Na gyara tsarin hari, ya yi mana shekaru masu kyau, yau kuma shi ma koci ne. Ba ka taɓa gaya masa kai ne ka tsaya masa ba. Ni na gaya masa, ka kuma yi fushi da ni na ɗan lokaci.

Haka kuma ka zaunar da 'yan wasan da suka bar makaranta saboda ƙwallo, kana koya musu lissafi bayan atisaye har suka sake zana jarrabawa. Kakan ce musu gwiwa ba ta tsufa tare da mai ita, tana riga shi.

Amma abin da mutane za su fi tunawa da kai shi ne abin da ya faru tsakaninka da ɗanka na fari. Tun da an daɗe ana faɗarsa a karkace, gara in faɗe shi yadda yake.

Yaron a zauren wasanmu ya tashi. Tsawon da kai ba ka samu ba, shi ya kwashe daga dangin uwarsa. Yana kirana Baffa a gida, Koci a fili. Da ya shigo babbar ƙungiya 'yan kallo suka sa masa Walƙiya, kuma sunan bai yi ƙarya ba. Cikin kaka uku ya zama shi ne ƙungiyar: hotonsa a bakin ƙofa, lambarsa a bayan rigunan yara, shi ke kan gaba a yawan maki a duk gasar. Mu kuwa muna tsakiyar teburin gasa, ba mu faɗi ba, ba mu hau ba.

Shugaba ya kira taro kan yadda za a tunkari sabuwar kaka, ya tambaye ka ra'ayinka a gabana. Na ga ka cire tabarau ka goge, abin da ba ka saba yi ba. Sannan ka ce kason Walƙiya ya kai talatin da huɗu cikin ɗari, kuma duk lokacin da ya haura talatin, abin da kowane harinsa yake kawowa sai ya faɗi ƙasa da na sauran ƙungiya. A wasannin da ya tsaya wajen ashirin da biyar kuwa, babu kamarsa. Shawararka ita ce a rage masa. Shugaba ya dube ka ya ce, "Malam, ka san wanda kake magana a kansa kuwa?" Ka ce, "Ni na yanka masa ragon suna."

Kowa a ɗakin ya san abin da ragin yake nufi. Makinsa zai sauka, kambun wanda ya fi kowa maki da yake nema zai kuɓuce masa, kuma a shekarar ce manyan ƙungiyoyin waje suka fara aiko masu dubansa. Da muka fito na ce maka zan ɗauki abin a kaina, in ce masa tsarina ne na koci. Ka ƙi. Ka ce idan ya ji daga baya, zai rasa uba da koci a rana ɗaya, gara ya rasa ɗaya.

A gabana ka gaya masa, a ofishinka, bayan atisayen safe, yana zaune a kan akwatin ƙwallaye da tawul a wuya. Ya saurara har ka gama, ya kalli fuskar kwamfutar, bai musa lamba ko ɗaya ba. Sai ya ce, "Baba, duk zauren nan ana tafa mini, sai kai."

Ka ce, "Ina tafa maka. Amma an tambaye ni, na faɗi abin da na gani."

Ya ce, "Da ɗan wani ne fa?"

Ka ce, "Da ɗan wani ne da na faɗa tun bara."

Ya miƙe, ya sunkuya ya fita. Washegari mahaifiyarsa ta kira ni a waya, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Koci, mutumin nan ya rasa wanda zai auna duk duniya sai ɗan cikinsa? Ku da kuke tare da shi ba za ku gaya masa ba?" Na ba ta haƙuri.

Walƙiya bai yi tawaye ba, dole a faɗi wannan. Ya buga kakar yadda aka tsara masa, yana raba ƙwallo, fuska a ɗaure. Muka kai wasan kusa da na ƙarshe, inda muka daɗe ba mu kai ba. Shi kuma makinsa ya sauka, kambu ya tafi wajen wani, masu duba daga waje suka daina zuwa. Da kaka ta ƙare ya koma ƙungiyar da muka fi hamayya da ita. Bai yanke zumunci ba. Yana zuwa gida, ya durƙusa ya gaishe ka, ya ci abincin uwarsa, ya yi wasa da ƙannensa, ya tafi. Ƙwallo ce dai ba ta sake shiga tsakaninku ba, kuma ku biyun ba ku da wata hirar da ta wuce ita. Haka kuka zauna shekaru. A ofis ba ka taɓa tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba.

A sabuwar ƙungiyarsa suka sakar masa ƙwallo. Kasonsa ya koma talatin da uku, sai kuma abin da lissafinka ya ce ba zai yiwu ba ya yiwu: maimakon hannunsa ya lalace, sai ya ƙara kyau. A kaka ta biyu suka ɗauki kofi, kuma mu suka doke a wasan ƙarshe. Mutane suka samu abin faɗa. Wasu har a gabanka suke cewa ɗa ya kunyata uba.

Ba ka amsa wa kowa ba. Ka nemo bidiyon duk wasanninsa na can, ka shige ɗakinka makonni. Rannan ka kira ni, ka ce, "Koci, zo ka ga inda na yi kuskure." Ka ajiye hotuna biyu gefe da gefe. A namu, duk lokacin da ƙwallo ta shiga hannunsa mutum biyu ko uku ne suke rufe shi, domin ba mu da mai jifan nesa da ake tsoro, masu tsaro suna iya barin nasu su taru a kansa. A can suna da masu jifan nesa biyu, ba mai iya barinsu, don haka mutum ɗaya kawai yake fuskanta. Ka ce ka auna yaron, ba ka auna waɗanda suke tsaye kewaye da shi ba. Kaso, ka ce, ba na mutum ɗaya ba ne, na mutum biyar ne. Ka sake gina lissafinka daga tushe a kan haka. A taron masu horarwa na shekarar ka tsaya gaban jama'a ka bayyana kuskuren, da sunan ɗanka da naka, alhali ba wanda ya tilasta ka. Tsarin da ka fitar a ranar shi ne ƙungiyoyi da dama suke amfani da shi yanzu.

Kafin taron ka je gidansa. Ban halarta ba, shi ya ba ni labari daga baya. Ya ce da rana ka zo, ka ƙi zama a kujera mai laushi, ka ƙi shan ruwan da matarsa ta kawo sai ka gama magana. Ka ce masa ka auna shi da ma'aunin da bai cika ba, nauyin bai fi ƙarfinsa ba, abokan ɗauka ne ba shi da su. Ya tambaye ka, da ka san haka a lokacin, me za ka ce wa shugaba. Ka ce da ka ce a nemo masa masu jifan nesa, idan kuma ba za a nemo ba, a rage masa. Ya ce, "Wato dai Baba ba ka janye ba." Ka ce, "Na janye rabi." Ya ce dariya ta ƙwace masa ba shiri, har matarsa ta leƙo daga kicin don ta ga abin da ya faru. Shekarun da suka wuce ba su dawo ba, ƙungiyoyin waje ma ba su dawo ba, kuma bai taɓa ce mini abin ya daina yi masa ciwo ba. Amma daga ranar kuka koma hira.

Da ciwon ya kama ka, shi ne mai kai ka wankin ƙoda. Yakan gama atisaye ya biyo ya ɗauke ka, ya zauna a gefen gado da waya a hannu, kuna kallon wasa kuna gardama ƙasa-ƙasa har ma'aikatan jinya suka saba da ku. Ka ci gaba da zuwa ofis muddin ƙafa tana ɗaukarka. Da ka ga ba za ta ƙara ɗauka ba, ka zauna da wadda za ta gaje ka, tsohuwar kyaftin ɗin ƙungiyar mata da ta karanta lissafi a hannunka, ka miƙa mata komai a tsare, har da wuraren da kake zargin tsarin naka yana da rauni. Ziyarata ta ƙarshe, muryarka ta yi ƙasa sosai. Ka tambaye ni lafiyar iyali, karo na farko da na ji ka fara da wannan, sannan ka roƙe ni in yafe maka duk inda harshenka ya yi kaifi. Na ce babu komai tsakaninmu sai alheri, ni ma na roƙi naka.

Da na je gaisuwa gidanka, maiɗakinka ta sa aka shigo da ni falo. Bayan mun yi addu'a sai ta ce, "Koci, zan tambaye ka wani abu, ka gaya mini tsakaninka da Allah. Shekara da shekaru mutumin nan yana fita da safe ya dawo da jajayen idanu. Ya bar koyarwa saboda aikin nan, ya ɓata da ɗansa saboda shi. Ni ban taɓa gane abin da yake yi ba, kuma ban taɓa shiga zauren wasanku ba. Aikin nan ya amfani wani kuwa?"

Na ce ta ɗaga labule ta duba waje. Ƙofar gidan cike take da dogayen mutane, wasu da furfura, wasu sun yi tafiyar yini kafin su iso, sun takure ƙafafu a kan benci da tabarmi. Na ce mata cikin waɗannan akwai wanda aka so a kora bisa laifin da ba nasa ba, akwai wanda aka so a ɗora wa abin da zai karya shi, akwai wanda ba wanda ya lura da shi sai da mijinta ya nuna shi da yatsa. Ba wanda ya aika musu mota, da kansu suka zo. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta saki labulen ta ce, "To, alhamdu lillahi. Da ma abin da nake so in sani ke nan."

Allah Ya jiƙanka, Malam. Ya gafarta maka kurakuranka na fili da na ɓoye, Ya sa jinyar da ka sha ta zama kankarar zunubi, Ya yalwata maka kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata, da ta 'yan wasa da ma'aikatan ƙungiya baki ɗaya, ga maiɗakin Malam, da Walƙiya da ƙannensa biyu, da jikokinsa, da 'yan uwa da ɗalibansa na kwaleji da na fili. Allah Ya ba su haƙurin rashinsa, Ya haɗa kansu a bayansa, Ya albarkaci abin da ya bari. Mu kuma da muka saura, idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.